Ƙwayar HIV Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Yadda Take Gauraya da Yadda Ake Auna Gaurayar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi bayani a kan wata magana da ta yawaita a bakin jama'a a birnin Kano tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Maganar ita ce, idan aka gwada saurayi da budurwa, ko bazawari da bazawara, aka tarar dukansu suna ɗauke da ƙwayar HIV, to shi ke nan, a ɗaura aure kawai, babu sauran wata kiyayewa, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru. Ba ni da ja a kan auren, domin alheri ne kuma sutura ce ga mutanen da suka daɗe suna shan tsangwama. Abin da nake ja a kai shi ne zaton da ke ƙarƙashin maganar, wato cewa ƙwayar da ke jikin miji da wadda ke jikin mata abu ɗaya ne. Sau da yawa ba abu ɗaya ba ne, kuma idan iri biyu suka haɗu a wuri ɗaya suna iya haifar da na uku. Masana sun auna wannan haifuwa da ƙididdiga, kuma ina ganin duk wanda ya fahimci yadda aka yi awon zai gane inda haɗarin yake da inda babu shi.

HIV tana cikin dangin ƙwayoyin bairos da ake kira retrobairos. Bayanan gadonta a rubuce suke a kan zaren RNA, wato wani sinadari mai ɗauke da bayanan gado, mai haruffa sama da 9,000, kuma idan ta shiga cikin sel, wato ƙwayar halittar jikin mutum, sai ta kwafe wannan RNA ta mayar da shi DNA, wato irin zaren da bayanan gadon ɗan Adam suke a kai, ta dasa shi a cikin DNA ɗin mutumin. Sinadarin da ke yin wannan kwafi, wanda ake taƙaita sunansa da RT, Howard Temin da David Baltimore ne suka gano shi a 1970, kowa a ɗakin bincikensa, kuma aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1975. Abin da ya bambanta wannan dangi da sauran bairos shi ne, kowace ƙwaya guda tana ɗauke da zaren RNA biyu a manne da juna, alhali DNA guda ɗaya tak take samarwa idan ta shiga sel.

A nan ne gaurayar take faruwa. Sinadarin RT ba ya bin zare ɗaya daga farko har ƙarshe. Yayin da yake kwafa, wani sashe nasa yana bin baya yana narkar da RNA ɗin da aka riga aka kwafe, sai sabon DNA ya rage tsirara, kuma wannan tsiraicin ne ke ba shi damar mannewa da zare na biyu a daidai wurin da haruffansu suka yi kama. Da zarar hakan ya faru, sai kwafin ya koma kan zare na biyu ya ci gaba. Kwatankwacin magatakarda ne da aka ajiye masa kofi biyu na littafi ɗaya, yana kwafa daga na farko, idan ya iske shafi ya yage ko tawada ta dusashe sai ya duba na biyu a daidai wannan layi ya ɗora daga nan. John Coffin ya kawo wannan bayani a 1979, inda ya ce tsinkewar zaren RNA ce ke tilasta tsallaken. Daga baya aka nuna cewa ko zaren bai tsinke ba, jinkirin sinadarin a wasu wurare kaɗai ya isa. Idan zaruruwan biyu iri ɗaya ne, tsallaken bai canja komai ba, kuma babu wanda zai san an yi shi. Idan kuwa sun bambanta, DNA ɗin da zai fito zai ɗauki wani sashe daga nan, wani daga can.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, ta yaya zaruruwa biyu mabambanta za su shiga cikin ƙwaya ɗaya? Amsar ta fito ne daga wani gwaji da Wei-Shau Hu ta yi tare da Temin a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, aka wallafa shi a 1990, kuma har yau kusan duk awon da ake yi a ɗakin bincike a kan tsarinsa aka gina shi. Ba da HIV suka yi ba, da wani retrobairos na tsuntsaye mai lalata saifa suka yi. Sun cire masa bayanan da yake hayayyafa da su, suka sa masa wasu bayanai biyu a madadinsu, kowanne yana kare sel daga wata guba: ɗaya daga G418, ɗaya daga higromaisin. Sai suka ƙera iri biyu. A iri na farko suka lalata kariya ta farko suka bar ta biyu, a iri na biyu suka lalata ta biyu suka bar ta farko, kuma tsakanin wuraren da aka lalata akwai tazarar haruffa kusan 1,000. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya ceton sel idan aka zuba gubar biyu tare. Wanda zai iya shi ne kawai wanda ya ɗauko lafiyayyen sashe daga wannan, ya tsallaka, ya ɗauko lafiyayyen sashe daga wancan.

Ana zuba ƙwayoyin a kan sel da aka ɗebo daga jikin kare ake raino a faranti, a ƙara gubar biyu a ruwan rainon, a jira. Cikin kwanaki yawancin sel ɗin za su mutu su saki gindin farantin su yi ta yawo a ruwan. Nan da can kuwa za a ga wani ɗan ɗigo ya tsira yana faɗaɗa, har ya kai yadda idan aka rina shi aka ɗaga farantin a haske za a iya ƙirga shi da ido. Kowane ɗigo zuriyar sel guda ne da gaurayayyen bairos ya shiga. Tun da an cire wa bairos ɗin ikon hayayyafa, ba zai iya fita ya kama wani sel ba, don haka abin da aka ƙirga sakamakon zagaye ɗaya ne tak na kwafi. Wannan dabara ta tsayar da abu a zagaye ɗaya ita ce, a ganina, mafi kyawun abin da ke cikin gwajin, domin ba don ita ba, da wanda ya fi saurin yaɗuwa ne zai cika farantin, a rasa gane yawan gauraya daga yawan haihuwa.

Sun gwada hanya biyu. Da suka samar da iri biyun a sel daban-daban, sannan suka haɗa su suka zuba, kusan babu abin da ya tsira. Da suka sa iri biyun a cikin sel ɗaya, shi ya samar da ƙwayoyin, sai ɗigo ya bayyana da yawa. Ma'anar wannan ita ce, gauraya tana buƙatar matakai biyu: dole iri biyu su fara zama a cikin sel guda, sel ɗin ya haɗa zaren wannan da na wancan a ƙwaya ɗaya, sannan ƙwayar ta fita ta kama sabon sel, a can ne tsallaken zai bar alama. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin duk maganar ma'aurata a kansa ta rataya.

Lissafin yana da 'yar sarƙaƙiya, kuma a nan ne masu karanta rahoton bincike da gaggawa kan ruɗe. Idan sel yana samar da zaren iri biyu daidai wa daida, kuma suna haɗuwa ba tare da zaɓe ba, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin zai ɗauki zare biyu na iri na farko, kashi ɗaya cikin huɗu na iri na biyu, rabi ne kawai zai zama ruwa biyu, wato mai zare ɗaya na kowane iri. A cikin ruwa biyun ma, tsallake yana iya haɗa lafiyayyun sassa biyu, yana kuma iya haɗa lalatattu biyu, kuma na farkon kaɗai ake gani a faranti. Hu da Temin sun ba da rahoton kusan kashi 2 cikin 100 a tazarar haruffa 1,000 a zagaye ɗaya, wanda idan aka haɗa da rabin da ba a gani ya kai kimanin kashi 4. Akwai kuma wata iyaka: idan sinadarin ya tsallaka sau biyu tsakanin alamomin, ya je ya dawo ke nan, sai a ga kamar bai motsa ba. Saboda haka komai yawan tsallake, irin wannan awo ba zai taɓa nuna fiye da kashi 50 cikin 100 ba.

Da aka maimaita awon da HIV, sai adadin ya ba da mamaki. A 2003 ɗakin binciken Hu, a Cibiyar Binciken Kansa ta Ƙasa a Amurka, ya samu kusan kashi 42 cikin 100 a tazarar haruffa 1,000, wato dab da iyakar da awon zai iya nunawa, kuma kusan ninki goma na abin da aka gani a bairos ɗin tsuntsaye da na ɓera. Daga nan aka koma amfani da gajeriyar tazara da wata alama mai sauƙin ƙirgawa, wato furotin mai walƙiyar kore da aka samo daga wata halittar teku. Ana lalata bayanan furotin ɗin a kusa da farko a iri ɗaya, a kusa da ƙarshe a ɗayan, sai ya zama sel ɗin da gaurayayye ya shiga ne kaɗai zai haskaka. Wata na'ura mai hasken leza tana jera sel ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga dubbai cikin daƙiƙoƙi, abin da a da sai an jira mako biyu ana duba faranti. Da irin wannan hanya masu bincike a Jami'ar Alabama da ke Birmingham suka ƙiyasta a 2004 cewa a kwafi ɗaya ana tsallake kusan sau 9 a sel ɗin garkuwa irin na CD4, da kusan sau 30 a manyan sel masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Wani bincike na 2000 ya samu sau 2 zuwa 3. Bambancin ya danganta da irin sel da irin alamar da aka yi amfani da ita, amma duk sun yi ittifaƙi cewa tsallake ba sau ɗaya ake yin sa ba.

Domin a ga girman wannan, sai a gwama shi da kuskuren kwafi, wanda shi ne aka fi sani. Louis Mansky da Temin sun auna a 1995 cewa HIV tana kuskuren harafi kusan sau 3 a cikin kowane 100,000, wato kimanin kuskure ɗaya a kowane kwafi uku. Kuskure ne ke ƙirƙiro sabon abu, kamar jure wa wani magani, amma gauraya ce ke tattara abubuwan da suka samu a wurare daban-daban ta haɗa su a ƙwaya ɗaya. A 1996 masu bincike a San Diego sun haɗa iri mai jure wa maganin AZT da iri mai jure wa wani magani na daban a faranti, suka samu wanda ya jure wa duka biyun cikin ɗan lokaci. Wannan shi ne abin da ya kamata ya dami likita fiye da batun sunan nau'i.

Awon faranti ke nan. A jikin mutane kuwa ba a sa alama, sai dai a karanta haruffan ƙwayar da aka samu a jini, a gwama su da na sanannun nau'o'i, waɗanda aka sa wa sunayen A, B, C, D, F, G da sauransu. Manhajar kwamfuta tana ɗaukar gutsure na haruffa ɗari huɗu ko biyar, ta duba wane nau'i ya fi kama da shi, ta matsa gaba kaɗan ta sake dubawa, har ta kai ƙarshe. A fuskar kwamfuta ana ganin layuka masu launi daban-daban, kowanne na nau'i ɗaya. Idan ƙwayar tsantsa ce, layi ɗaya ne zai zauna a sama daga farko har ƙarshe. Idan gaurayayya ce, sai a ga jan layi yana sama, can ya faɗo, shuɗi ya hau, can kuma su sake musanya, kuma duk inda suka gitta juna nan ne sinadarin RT ya taɓa tsallakawa a jikin wani mutum, wataƙila shekaru da dama da suka wuce. An fara wannan salon bincike a 1995, kuma ɗaya daga manhajojin da aka fi amfani da su, RDP, a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu aka rubuta ta.

Labarin ƙasarmu yana tsakiyar wannan fage. A 1994 aka bayyana wata ƙwaya da aka samo a Ibadan, aka sa mata suna IbNG, cikin waɗanda suka yi aikin har da marigayi Farfesa David Olaleye na Jami'ar Ibadan. Da aka karanta sashen da ke samar da rigar ƙwayar, sai aka sa ta a nau'in A. Sai a 1998, da aka gwama dukkan zarenta da na wasu, aka tabbatar cewa wasu sassanta na A ne, wasu na G. Ita ce ta zama abin misali na nau'in CRF02_AG, wanda shi da G su ne suka fi yawa a Najeriya. Ƙa'idar ba gaurayayye irin wannan suna ita ce a same shi da tsari iri ɗaya a jikin mutum uku da ba su da alaƙa da juna, kuma ma'ajiyar bayanai ta Los Alamos a Amurka ta riga ta rubuta irinsu sama da 100. Wani nazari da aka jagoranta daga Jami'ar Oxford, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2015 gaurayayyun nau'o'i sun kai kashi 22.8 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar a duniya, CRF02_AG kaɗai kashi 7.7. Akwai ma dalilin da ya sa wasu nau'o'i suka fi saurin haɗuwa: zaruruwan biyu suna fara mannewa ne ta wasu haruffa shida, waɗanda a nau'in B suke GCGCGC, a A da C da G kuma GUGCAC. A 2005 an nuna cewa wannan saɓani yana rage gauraya tsakanin B da C kusan ninki tara. Tsakanin A da G babu wannan shinge.

Wannan hanya ma tana da ramukanta. Injin PCR da ake ninka DNA da shi kafin a karanta yana iya yin nasa tsallaken a cikin kwalba, ya ƙirƙiro gaurayayyen da babu shi a jikin mai jinin. Maganin wannan shi ne a sirka samfurin da ruwa sosai har ya zama zare ɗaya ne ke faɗawa kowace kwalba. Haka kuma gane wane ne uba, wane ne ɗa, ba koyaushe yake da sauƙi ba. A 2007 wasu masana sun yi iƙirarin cewa nau'in G ne gaurayayye, CRF02_AG kuma yana cikin iyayensa, wasu suka sake lissafi suka musanta. Na kawo wannan ne domin 'yan'uwana 'yan jarida su yi hattara da kanun labarai irin na "an gano sabon nau'i mai haɗari", domin sabon tsari a kwamfuta ba shi ne hujjar ƙarin haɗari ba.

To, idan tsallake yana da yawa haka, me ya sa ba kowane mai ɗauke da ƙwayar ba ne ke haifar da sabon nau'i? Saboda sharaɗin nan na gwajin 1990, cewa sai iri biyu sun fara zama a cikin sel guda. A 2002 an duba saifar wasu majinyata aka ga sel ɗin da suka kamu suna ɗauke da kwafin ƙwayar uku zuwa huɗu a matsakaici, amma a 2011 aka duba sel ɗin CD4 na cikin jini aka ga sama da kashi 85 cikin 100 kwafi ɗaya ne a cikinsu. Da aka bi jinin majinyata na tsawon shekaru aka yi lissafi, sai aka ga gaurayar da ke barin alama a jikin mutum ta yi ƙasa ƙwarai da ta faranti. Sai dai ƙasa ba babu ba ne. An tabbatar tun 2002 cewa mai ɗauke da HIV yana iya sake kamuwa da wani iri, kuma a 2004 an ba da rahoton wata mata a Nairobi da ta fara da nau'in A, bayan shekaru aka samu gaurayen A da C a jininta, sassan A ɗin kuma na ƙwayarta ta asali ne.

Duk matakan nan, daga kamuwa ta biyu zuwa haɗuwa a sel ɗaya zuwa tsallake, suna buƙatar ƙwayar ta kasance tana hayayyafa. Maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocinmu, musamman haɗin magunguna uku na TLD da ake shan ƙwayar magani ɗaya a rana, aikinsa ke nan ya tsayar da hayayyafar: biyu daga cikin sinadaransa suna toshe RT, na ukun yana hana dasa DNA a cikin sel. Manyan bincike a kan ma'aurata sun nuna cewa wanda yawan ƙwayar a jininsa ya sauka ƙasa da kwafi 200 a kowace mililita, kuma ya zauna a haka, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Saboda haka ma'aurata biyu da ke shan magani a kan lokaci, suna zuwa gwajin yawan ƙwaya, ba su da abin fargaba a wannan babi. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne waɗanda aka gaya musu cewa tunda sun auri juna an gama, sai miji ya yi tafiyar kasuwanci ya bar magani wata biyu, ƙwayarsa ta farfaɗo ta koyi jure wa magani, ya dawo gida da ita.

Roƙona ga masu ba da shawara a cibiyoyin gwaji, da limaman da ke ɗaura aure, da waliyyai, shi ne idan irin waɗannan ma'aurata suka zo, a tambaye su ko kowannensu yana kan magani da kuma yaushe ya yi gwajin yawan ƙwaya na ƙarshe, a yi tambayar a keɓe, cikin mutunci. Ga hukumomin lafiya na jiha da malaman Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa, ina tunatar da cewa gwajin jure wa magani da aka saba yi gutsure ɗaya kawai yake karantawa, irin karatun da ya sa aka fara ɗaukar IbNG a matsayin A. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar a Najeriya, Arewa maso Yamma kuma ƙasa da haka, amma Kano mahaɗar matafiya ce daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan, kuma irin wannan wuri ne nau'o'i ke haɗuwa. Cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun ta karanta cikakken zaren ƙwayar korona a watan Maris na 2020, karo na farko a Afirka, don haka ƙwarewar tana cikin gida. Ina ba da shawarar a riƙa ware wani adadi na samfuran jini a kowace shekara, da izinin masu su kuma ba tare da sunayensu ba, a karanta dukkan zaren, a fara da na waɗanda magani ya daina yi musu aiki.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin ilimin ƙananan halittu,
Birnin Kano.